Hoton Zara Kafin in Fita Takaba

Wudil, farkon damina, 1956

Zuwa ga maigidana, Malam,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabin da ya kamaci mace ga mijinta, ina roƙon Allah ya sa ƙasa ta yi maka sauƙi. Da rangadi ka tafi, da na tambaye ka gajiya da sauro da halin hanya. Inda kake yanzu ban san abin da ake tambaya ba, sai dai in ce ina kwanciya.

Na san ba mai kai maka takardar nan. Kai ka koya mini boko da gawayi a bangon madafa, ka ce wata rana zai yi mini rana, to ga ranar ta zo kai kuma ba ka nan. Na bar ta a buɗe, wanda ya iya karatu ya karanta, wanda bai iya ba a karanta masa. Da ma maganarka ta riga ta zama ta gari, gara su ji ta bakin wadda ta zauna da kai.

Malam, cewa ake yi ka mutu kana bautar tauraro. Ga shi na faɗa. Tun da na shiga takaba nake juya yadda zan gaya maka, ban sami hanya mai taushi ba. Kai da ba ka taɓa cin ko ƙwayar gyaɗa ba bismilla ba, kai ake cewa ka juya wa gabas baya ka yi wa Zara sujada.

Ka san mafarin. Madubin hangen nesan nan da ka kinkimo daga gwanjon Baturen awon ƙasa a Kano, bututun tagulla mai tsawon tabarya. Ranar da ka shigo da shi na ce ai gara ka sayo mana akuya. Ka ce akuya kowa yana da ita. Ƙafafunsa dogaye ne, ka ce iska tana kaɗa su, ka sa zarto ka rage su har suka koma kamar na kujerar tsakar gida. Tun daga ranar, duk mai son leƙawa sai ya durƙusa ya sunkuyar da kai. Da na san abin da zarton nan zai jawo mana, da na jefa shi rijiya.

Ni ka fara nuna wa. Rana ta faɗi, ka kira ni ina tsakiyar tuƙin tuwo, ka ce in zo in ga Zara matar wata. Na ce na san ta tun ina goye. Ka ce, “Rabi, sanin shanu kika yi mata.” Na durƙusa na sa ido, sai ga jinjirin wata ƙarami, siriri, fari fat, yana rawa a cikin bututu. Na ɗaga kai, ɗigo ne kamar kullum. Na mayar da ido, jinjiri. Tuwo ya kama a ranar, ka ci da ƙauri ba ka ce uffan ba.

Daga nan ciwon hoto ya kama ka. Ka ce abin da ido ɗaya ya gani labari ne, abin da ke kan takarda kuwa shaida ne. Ka samo tsohon akwatin hoto a Kano, ka sa baduku ya ɗinka masa wuyan fata da za a ɗaura shi a gindin bututun. Ka samo gilasan hoto da ruwan wankinsu, ka mayar da ɗakin ajiyata ɗakin duhu, ka fitar mini da tukwane waje kamar waɗanda aka kora.

Aikin na mutum biyu ne, kuma ni ce ta biyun. Kai kana durƙushe a baya kana saita Zara ta ƙaramin madubin da ke bisa bututun. Ni ina tsaye a gaba, riƙe da faifai a bakinsa, ban taɓa shi ba. In ka saita, sai ka zare murfin gilashi ka ɗauke hannu, mu jira rawar bututun ta kwanta. In ka ce “yanzu,” in ɗaga faifai in mayar. “Kamar mai leƙa tukunya, Rabi, kada tururi ya fita.” Haka kake cewa kullum, ko da na riga na haddace.

Ba mu taɓa samu ba. Wani gilashin ya fito wayam, wani da ɗan tabo kamar kashin ƙuda, wani da zane kamar kaza ta yi tono. Ka yi ta ɗora laifi a kan iska, ni ina ɗorawa a kan hannunka. Kafin mu gane kan abin, Zara ta gangara ta shige hasken rana. Ka ce ba ta zama jinjiri a yamma sai bayan shekara da rabi da ɗoriya, mu jira ta. Ka faɗi haka kamar mai cewa mu jira kasuwar Juma'a.

A cikin kwanakin nan ne maƙwabcinmu Mati mai tattabaru ya hau soronsa da almuru zai rufe akurki. Ya leƙo, ya gan ka a kan gwiwoyinka, goshi a ƙasa-ƙasa, fuska yamma, ƙeya gabas, ladan yana kira. Ya ga mace tsaye a gabanka tana ɗaga faifai tana saukewa. Bai tambaya ba. Ya sauko da labarinsa da ɗuminsa, kuma magana zarar bunu ce.

Kai ma, Malam, ka yi haƙuri in faɗa, in ɓera da sata daddawa ma da wari. Sau nawa na ce maka an tayar da salla? Sau nawa ka ce “ga ni nan” kana durƙushe, ka tafi da gudu ka sami raka'ar ƙarshe? Da na kawo maka abin da mata ke faɗa a bakin rijiya, dariya ka yi har da riƙe ciki. Ka ce ranar da hoto ya fito za ka kai shi ƙofar masallaci, gani ya kori ji. Na ce ka kira su su leƙa tun yanzu. Ka ce ba za ka tara maza a tsakar gidan matarka ba, kuma in ka fitar da bututun waje yara za su lalata shi. Kullum kana da amsa. Yanzu ga tambayoyi sun taru, kai kuma ka yi shiru.

Sanƙarau ya zo gari da rani, ya ɗauki wanda ya ɗauka. Ya ɗauki 'ya'yan mahauta, ya ɗauki wata amarya a Dagumawa, ba wanda ya ce musu komai sai Allah ya jiƙansu. Kai da ya kama ka, wuyanka ya sanƙare ya koma baya kamar yadda ciwon yake yi wa kowa, sai aka ce ga shi nan, abin da yake kallo ne ya murɗe masa wuya sama. Ina shafa maka ruwa kana kalmar shahada da bakin da ya bushe. Ni na ji. Amma shaidar mace ɗaya a cikin ɗaki ba ta ƙetare zaure ba.

An gaya mini sahun jana'izarka bai cika ba. An ce wasu sun tsaya a gindin durumi hannu a baya har aka sallame. Ran sadakar uku na dama gumba na aika gida-gida, ƙwarya biyu suka dawo mini yadda suka tafi. Wannan duk na haɗiye. Allah bai ba mu ɗan da zai tsaya maka ba, na ce ni zan tsaya ko daga cikin ɗaki ne.

Abin da na kasa haɗiyewa shi ne Inna.

Mahaifiyarka, Malam. Tun ranar da aka fita da kai, in masu gaisuwa suka ce Allah ya jiƙansa, ba ta cewa amin. Sai ta ce “mun gode,” ta sunkuyar da kai. Na zaci nauyin baƙin ciki ne. Sai wata asuba ina shara kusa da ɗakinta na ji tana addu'a. Ta yi wa mahaifinka, ta yi wa iyayenta, ta yi wa 'yarta da ta rasu a goye tun kafin a haife ka. Ta zo kanka ta tsaya. Na ji shirun da kunnena. Sannan ta shafa.

Na shiga na durƙusa na ce Inna, me ya sa? Ta ce wani malami ya gaya mata ba a nema wa wanda ya mutu yana sunkuya wa wanin Allah gafara, wanda ya nema ma ya ɗauki zunubi. Ta ce, “Rabi, ni na haife shi, amma ban san me yake yi a bayan ɗakinku ba. In na roƙa ina tsoro, in na bari ina mutuwa.” Ta rame, Malam. Zanenta sau biyu yake zagaye ta yanzu. Goron ma ta daina ci.

Kana kwance can, uwarka tana raye taku kaɗan daga ɗakina, kuma addu'arta ba ta zuwa maka. Wannan ne yake hana ni barci. Tawa ina yi ba dare ba rana, amma ta uwa daban ce, kai ma ka sani.

Yayanka Sule kuma ya yanke tasa shawarar. Ya tsaya a bakin ƙofa ya gaya mini, bai ko zauna ba. Ranar Alhamis zan fita takaba, 'yan'uwana su zo daga Lajawa su tafi da ni. Ranar Juma'a bayan an sauko, zai kai bututun ƙofar masallaci ya sa gatari ya fasa shi a gaban jama'a, wai tuba ce a madadinka, a wanke sunan gida. Ba mugunta yake nufi ba, na sani, shi ma kunya ce ta ishe shi. Amma ka duba mini, Malam. In aka tuba a madadinka, ai an tabbatar ka yi ke nan. Daga ranar ba sauran wai-wai. Inna za ta shiga kabarinta ba ta buɗe baki a kanka ba.

Na aika wa Liman ta bakin matarsa. Mutumin kirki ne, shi ya sallace ka bai ja da baya ba. Amsar da ya aiko gajeriya ce: “In hoto yake ɗauka, a kawo hoton.” Ya ce in ya gani da idonsa zai tsaya ya yi magana kafin gatari ya sauka. Gaskiyarsa. Sai dai ni abin da ka bar mini kashin ƙuda ne da tonon kaza.

Ita kuwa Zara ta dawo, ba ruwanta. Kana jinya ma tana nan a yamma, ƙatuwa, ka ce in leƙa maka. Na ce tana nan kamar ƙwai. Ka ce da saura, sai bayan salla ƙarama za ta rame. Ka ƙidaya mata daidai, kanka ne ba ka ƙidaya wa ba. Bayan salla na fito da bututun ni kaɗai, na durƙusa, ga jinjirin nan kamar yadda ka ce. Na yi kuka har na daina ganinsa.

Na gwada, Malam, wallahi na gwada. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma na ce zan ɗauka. Na kifa faifai a bakin bututun, na saita, na zare murfi, na zaga da gudu na ɗaga. Bututun ya girgiza. Na wanke gilashin a ɗakin duhu da fitilar da ka lulluɓe da jan ƙyalle, ba komai a kai.

Washegari na ɗaura wa faifan zare, na ce zan ja daga inda nake durƙushe. Zaren ya ja faifai, faifai ya ja bututu, Zara ta fice. Na gwada rataye shi a reshen zogale ya sauko gaban bututun bai taɓa ba, iska ta yi ta juya shi kamar mazari. Da kana nan da ka yi dariya har ka faɗi. Ni ma na so in yi, sai ta zo mini da hawaye.

Na roƙi matar Yaya Sule ta riƙe mini. Ta dafe ƙirji ta ce ita da 'ya'ya ƙanana, kada in sa ta a abin da ba ta sani ba. Na roƙi mai kawo mana nono daga Achika, ta ajiye ƙwaryarta ta ce sai dai in nemi wata mai nonon. Mai takaba ba ta fita, ba wanda zan je in kama wa ƙafa. Ga gilasan suna ƙarewa. Ga hadari ya fara haɗowa kullum da la'asar, manoma suna murna, ni ina kallon gajimare kamar maƙiyi. Allah ya yafe mini, har roƙo na yi ruwa ya jinkirta, a garin da kowa ya zuba iri yana jira. Ka ga inda ka kai ni.

Kuma kullum tana ƙara gangarowa. Da tana saman dabinon gidan Mati in rana ta faɗi. Sai ta koma tsakiyarsa. Yanzu tana gab da katanga. Kai ka gaya mini in ta fara wannan gangara ba ta tsayawa.

Shekaranjiya gilashi ɗaya ya rage. Sama ta washe bayan yayyafi. Na rasa wanda zan nufa, sai na tafi ɗakin Inna na faɗi na kama ƙafafunta. Na ce Inna, ba na ce ki leƙa ba, ba na ce ki yarda ba. Faifai ne kawai, irin wanda kike rufe fura da shi. Ta ce, “Sake ni, 'yar nan, kya karya ni.” Sannan ta lalubi sandarta.

Da ka gan ta. Ta tsaya a gaban bututun tana a'uziyya ba ƙaƙƙautawa, ta miƙa faifai da hannu ɗaya kamar mai ba kare abinci. Ta ce ita dai gabas take kallo, Allah shaida ne. Na ce haka ne Inna, mai faifai kullum gabas yake kallo. Na gaya mata yadda kake gaya mini, kamar mai leƙa tukunya. Ta ce ta fi ni sanin tukunya tun uwata ba ta yi wayo ba. Na saita. Na zare murfi. Na ɗauke hannu na riƙe numfashi har rawar ta kwanta. Na ce yanzu. Ta ɗaga ta mayar, cak, ba ko gezau. Shekara da shekaru muna fama, ashe hannun da muke nema yana ɗakin da ke kusa.

Ya fito, Malam. Ya fito! Ina karkaɗa gilashin a tasar ruwan wanki a jan haske sai na ga abu yana tasowa, ɗan ƙarami kamar yankan farce, da ƙahonninsa biyu tsaf, ba zane ba tabo. Na kira ka da ƙarfi na manta. Abin da ka nema ke nan, ga shi a tafin hannuna, kai kuma ba ka gani ba.

Murnar ba ta kai ko'ina ba. Ka san a gilashi komai juyewa yake, fari ya zama baƙi, sai an buga a takarda yake komawa daidai. Na jawo akwatin da kake ajiye takardun hoto a ƙarƙashin gado. Gara ta shiga ta ƙasa. Ta cinye su, ta bar mini ƙasa da ɓurɓushi, ko guntun da zai rufe kwabo babu. Na zauna a ƙasa riƙe da jinjiri baƙi ƙirin a kan gilashi fari.

Duk da haka na kira Yaya Sule da safe, don ba ni da wata dabara. Na ɗaga masa a hasken rana na fara bayani. Bai bari na kai ƙarshe ba. Ya ja da baya ya ce, “Baƙin wata! Innalillahi. Ashe abin da yake kira ke nan.” Na ce Yaya, juyewa yake yi, ko hotonka aka ɗauka fuskarka fara za ta fito, rigarka baƙa. Ya ce in rufe masa baki, kuma in na kuskura na aika wa Liman wannan abu to na ƙarasa binne ka. Ya fita yana tofe-tofe.

Ina jin tsoron gaskiya ya faɗa. In Liman ya ɗaga baƙin jinjiri a ƙofar masallaci, wa zai tsaya jin zancen juyewa? Na nemi direban motar gyaɗa ya kai gilashin Kano wurin mai hoto a buga. Da ya ji na wane ne, ya ce motarsa ba ta ɗaukar irin wannan kaya, yana da kogin da zai ƙetare a gabansa. Ni ba fita ba. Ranar da zan fita kuma ta Lajawa za a yi da ni, ba ta Kano ba.

Ka gaya mini yadda zan yi, Malam. Kai mai amsa. Na yi duk abin da ka koya mini, na yi daidai, kuma abin da na samu ya fi rashinsa muni. Me ya sa ba ka sa akwatin nan a kan duwatsu ba? Me ya sa ba ka bar ƙafafun nan da tsawonsu ba? Me ya sa ba ka kira ko mutum ɗaya ya leƙa ba tun kana da bakin magana? Ina fushi da kai, ka sani. Ina fushi da kai kuma ba abin da nake so irin in ji ka ce “ga ni nan” ko da ƙarya kake.

Jiya ban yi niyyar fito da bututun ba. Ba gilashi, ba dalili. Ina zaune a bakin ƙofa da la'asar sakaliya sai na ji sandar Inna. Ta tsaya a kaina ta ce, “Tashi ki kafa abin nan. In Sule zai fasa, bari in ga abin da ya ci mini ɗa tukuna.”

Hadari ya rufe yamma, sai wata 'yar kafa tsakanin gajimare da katanga. Na kafa, na cire akwatin hoto, na mayar da madubin ido. Muka jira. Na ce a raina ba za ta fito ba, ko wannan ma za a hana mu. Sai ga ta, ƙasa-ƙasa, tana gab da shigewa. Na saita na ce Inna, sai kin yi ƙasa.

Ta ba ni sandar. Ta dafa kafaɗata ta sauka a kan gwiwoyinta da ƙyar, ina jin ƙasusuwanta. Ta sunkuya ta sa ido. Ta ce duhu kawai take gani. Na murɗa mata a hankali. Sai ta ƙara manna ido.

Ta ce, “Wa ya sa jinjirin wata a ciki?” Na ce ba wata ba ne Inna, wata sai can dare zai fito. Zara ce, ɗaga kai ki gani. Ta ɗaga, ta ga ɗigo. Ta mayar da ido. Ta sake ɗagawa, ta sake mayarwa. Ta ce, “Ikon Allah. Ashe ita ma ramewa take yi.” Ta ƙi tashi. Ina ta matsa bututun ina bin ta, har ta taɓa katanga.

Sai ladan ya kira. Inna ta yunƙura za ta tashi, gwiwa ta ƙi. A nan ta dubi kanta. Ta dubi gwiwoyinta a ƙasa, ta dubi hannuwanta a dafe, ta waiwaya ta ga gabas a bayanta. Ta ɗaga kai ta dubi soron Mati. Sannan ta ce, a hankali, “Haka ya gan shi?” Na ce haka. Ta ce, “Shi ke nan?” Na ce shi ke nan, Inna, ba wani abu bayan wannan.

Kukan da ba ta yi ba ranar da aka fita da kai, jiya ta yi shi, a durƙushe, ta rungume ƙafar bututun. Na ɗaga ta da ƙyar. Muka yi alwala, muka juya gabas muka yi salla a nan tsakar gida, kafaɗa da kafaɗa. Da ta sallame ba ta bi layin da ta saba ba. Ba ta fara da mahaifinka ba. Ta ɗaga hannu ta ɗaga murya, yadda na tabbata an ji a bayan katanga, ta ce, “Allah ka jiƙan Autana. Allah ka yafe mini da na bar shi shi kaɗai.” Ta yi ta maimaitawa kamar mai biyan azumin da ya wuce ta. Ni ce mai amin, har muryata ta dushe.

Ban san abin da Juma'a za ta zo da shi ba. Zara ta shige, yau ruwa ake yi tun azahar. Gilashin yana nan na naɗe shi a cikin rawaninka, baƙi yadda yake, ban sami mai buga shi ba. Wataƙila a fasa bututun. Wataƙila waɗanda suka tsaya a gindin durumi su mutu a kan abin da suka yarda da shi, kuma ina Lajawa ba zan iya ce musu komai ba. Wannan yana cina, ba zan ɓoye maka ba. Amma Inna ta sa na kai bututun ɗakinta, ta ce wanda yake so ya zo ya tambaye ta. Yau da asuba ban yi shara kusa da ƙofarta ba, don daga ɗakina ma ina jin sunanka.

Allah ya jiƙanka, Malam. Allah ya haskaka kabarinka, ya karɓi shahadar da na ji da kunnena, ya yafe maka raka'o'in da ka samu a guje. Allah ya sa addu'ar Inna ta riske ka duka, har da ta watannin da ta riƙe. Waɗanda suka faɗi abin da ba su sani ba, Allah ya nuna musu, ni ban kai ga yafewa ba tukuna. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani, ya haɗa mu inda ba katanga.

Ka huta lafiya.

Ni ce matarka,
Rabi